Gyambon Kwanciya

Hirarmu ta yau ta kiwon lafiya ce. Za mu yi magana a kan wani miki mai kama mutumin da ya daɗe kwance. Ana ce masa gyambon kwanciya. A gidan likita za ku ji suna kiransa eskar, da Faransanci ke nan. Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho ya san shi, ko da bai san sunansa ba.

Mu fara da misali. A ce ga wani dattijo a Tsibirin Gobir. Tansiyo gare shi, watau hawan jini. Ran nan ya tashi zai yi alwala, sai ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Aka kai shi asibiti a Maraɗi, aka yi masa magani, aka sallamo shi. Da aka dawo gida aka shimfiɗa masa tabarma a ɗakinsa, aka ɗora ƴar katifa. Ba a rage shi da kome ba. Fura ba ta yankewa, ƴan dubiya suna shiga suna fita. In an ce, "Baba, yaya jiki?" sai ya ce, "Da sauƙi." Haka ya ke kwance rigingine, safe da yamma.

Bayan mako 2 sai aka fara jin wari a ɗakin. Aka share, aka yi turare, warin bai tafi ba. Babban ɗansa ya juya shi, ya yaye zane. Sai ga rami a ƙarshen ƙashin baya, saman ɗuwawu, yana fid da ruwa. Wata ta ce ciwon ne ya huda waje. Wani ya ce sammu ne. Wani ya ce ai tsufa ne, naman tsoho ba shi da ƙwari. Duk ba haka ba ne. Kwanciyar ce ta kawo shi. Nauyin jikinsa ne ya daɗe a kan wuri ɗaya.

Ku gwada wani abu yanzu. Ku danna farcen babban yatsanku, watau akaifa. Za ku ga ya yi fari. To, ku saki. Nan da nan launinsa ya komo. Da kuka danna kun kori jini ne, da kuka saki ya dawo. Ko'ina cikin fata da tsoka akwai ƴan hanyoyin jini, sun fi gashin kai siranta. Su ke kai ma nama abinci da iska. In an danne su sai su toshe.

Masu noman rani a Jiratawa sun fi kowa gane wannan. In mutum ya taka tiyo, ko dutse ya toshe hanyar ruwa, fangalin da ke gaba ba ya samun ruwa. In an ɗaga da wuri, shuka ta farfaɗo. In an bari, ta bushe, ko an sako ruwa daga baya ba ta tashi. Haka naman mutum ya ke. Ƙashi yana dannawa daga ciki, shimfiɗa tana dannawa daga waje, naman da ke tsakani ya rasa jini. Cikin ƴan awoyi kaɗan sai ya fara mutuwa. Ba sai an yi mako ba. Dare ɗaya ya isa.

Me ya sa mu masu lafiya ba mu samunsa? Domin muna motsi. In ka daɗe zaune wurin ɗaurin aure, ƙafarka ta sage, sai ka gyara zama, ba wanda ya ce maka. Da dare ma kana juyawa sau da yawa cikin barci, ba ka sani ba. Zafin nan da ka ke ji ɗan aike ne, yana ce maka ka motsa. Mai shanyewar jiki kuwa, ko dai ɗan aiken ba ya isowa gare shi, ko ya iso amma ba shi da ƙarfin juyawa. Haka tsohuwar da ta faɗi ta karye a kwatangwalo. Haka saurayin da ya yi haɗarin kabu-kabu ya karya ƙashin baya. Haka mai doguwar suma, da wanda ciwo ya ramar ƙwarai. Kun ga ba tsofaffi kaɗai ya ke kamawa ba, amma su ya fi samu, domin fatarsu ta yi sirara, naman da ke rufe ƙashi ya ragu.

A nan kusa da mu akwai inda aka daɗe da sanin wannan darasi. A Danja, kudu da Maraɗi, akwai gidan likitar masu ciwon kuturta tun shekarar 1956. Kuturta tana kashe ji a tafin ƙafa. Mutum ya wuni yana taka wuri ɗaya, ko ya taka ƙaya, bai ji ba, sai gyambo ya fito. Yau kuturta tana warkewa da magani, maganin kuwa kyauta ne, amma jin da ya tafi ba kullum ya ke dawowa ba. Don haka a ke koya ma irin waɗannan mutane su duba ƙafafunsu kowace rana. Ido da hannu su maye gurbin zafi. Wanda ke kwance ba ya iya duba bayansa. Mai jinya ne zai duba masa.

Har a ƙasashe masu arziki

A ƙasashe irin su Amurka da Faransa akwai gidajen tsofaffi. Gida ne babba mai ɗakuna da yawa, inda a ke kai tsofaffin da ba su iya kula da kansu. Ma'aikata ke ba su abinci, su yi masu wanka, ana biyan kuɗi. Ga gadaje masu kyau, ga lantarki, ga magani. Za ku ce gyambo ba shi da ƙofar shiga. To, ku ji lissafi.

A shekarar 2004 gwamnatin Amurka ta yi bincike a gidajen nan. Mutum wajen miliyan 1 da rabi ke zaune cikinsu. Aka tarar kamar 159,000 suna da gyambon kwanciya. Watau 11 cikin 100. Mu rage lissafin don ya zauna a kai: in ka tara mutum 9, ɗayansu yana da shi. Wajen rabinsu fata ta riga ta buɗe, amma mikin bai yi zurfi ba. Sauran rabin, wasu nasu yana farawa ne, wasu ya yi rami, wasu har ya kai ƙashi. Cikin waɗanda mikinsu ya buɗe, 35 cikin 100 kaɗai ke samun kulawar miki ta musamman. Cikin waɗanda suka rame a kwanakin, 1 cikin 5 yana da gyambon. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa in mun zo batun abinci.

A Turai ma an duba. Wani bincike da aka fitar a 2007 ya shiga asibitoci 25 a ƙasashe 5, aka duba majinyata kusan 6,000. Aka sami 18 cikin 100 da gyambon kwanciya. Ƙarshen ƙashin baya da diddige su ne wuraren da ya fi kamawa. Cikin masu bukatar a kare su daga mikin, kamar 1 cikin 10 ne kaɗai aka yi ma duk abin da ya kamata.

Mu kan ce mu ba mu kai iyayenmu gidan tsofaffi. Gaskiya ne, abin alfahari ne kuwa. Amma kada mu yi masu dariya. Su sun ƙidaya nasu, shi ya sa muka ji labari. Tsohon da ke kwance cikin ɗaki a Tsibiri ba ya cikin littafin kowa. A Nijar masu shekara 65 zuwa sama ba su kai 3 cikin 100 ba. Amma mutanen ƙasar sun wuce miliyan 25, kun ga tsofaffin ba kaɗan ba ne. In ɗayansu ya kwanta, a gida ya ke kwanciya. Matarsa, ko ɗiyarsa, ko surukarsa, ko jikansa, su ne ma'aikatan. Watau ku masu saurare.

Yadda a ke gane shi

Littattafan Turawa suna cewa a nemi wurin da ya yi ja. Mu baƙar fata ne, ja ba ya nunawa sosai a jikinmu. Wannan ya sa a kan makara kafin a gani. Mu sai mu nemi wurin da ya fi sauran fata duhu, ko ya yi shunayya, ko yana ƙyalli. Sa'an nan mu taɓa da hannu. In wurin ya fi kewayensa zafi ko sanyi, in ya yi tauri, ko ya yi laushi kamar mangwaron da ya nuna ya wuce, to, ya fara. A fito da haske a duba, ko da tocilan ce ko fitilar salula. Ɗakunanmu da duhu.

A duba duk inda ƙashi ya yi kusa da fata: ƙarshen ƙashin baya, kwankwaso ta gefe biyu, diddige, idon sawu, gwiwar hannu, allon kafaɗa, ƙeya, har da kunne. Mai yawan zama a kujera, a duba masa ƙarƙashin ɗuwawu. Sau ɗaya aƙalla kowace rana, lokacin wanka ya fi sauƙi.

A nan akwai wata magana, tilas mu faɗe ta. Kunya tana ɓoye wannan miki. Wurin da ya fi fitowa wuri ne da ba a buɗewa. Suruka ba ta yaye zanen uban mijinta, kuma ba wanda zai ce ta yi. Ɗa yana jin nauyin duba uwarsa. Shi tsohon ma da kara, ba zai ce wuri kaza yana yi masa zafi ba. Sai kowa ya yi shiru, miki yana ci. Kunya ba laifi ba ce, amma a raba aikin. In namiji ne, matarsa ko ɗansa ko ƙanensa ya duba. In mace ce, ɗiyarta ko ƴar uwarta. A sa sunan mutum ɗaya, a san shi ke da wannan. A nemi izini da ladabi: "Baba, bari in gyara maka kwanciya, in duba bayanka." Ba tsohon da zai ƙi.

Likitoci sun kasa gyambon mataki 4. Na 1, launi ya sake, fata ba ta fashe ba. Na 2, ya yi bororo kamar ƙuna, ko fata ta saɓule. Na 3, ya huda fata ya kai kitse. Na 4, ya kai tsoka da jijiya da ƙashi. Na farko, in an ɗauke masa nauyi, ya kan koma cikin ƴan kwanaki. Na 3 da na 4 su ne masu tsanani. Su kan ci watanni, wani sai an yi masa aiki a asibiti, wani kuwa shi ke zama ajalin mutum in ƙwayoyin cuta suka shiga jini ko ƙashi. Kada ƙanƙantar bakin miki ta ruɗe ku. Sau da yawa daga wajen ƙashi ya ke farawa, kamar yadda gara ke cin azara daga ciki. Baki ƙarami, ciki faɗi.

Juyi

Babban maganin ba a sayen shi a kanti. Juyi ne. A da, sojan da harsashi ya karya ma ƙashin baya ba ya daɗewa. Yawancinsu gyambo da ciwon mafitsara ke kashe su. A shekarar 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani likita mai suna Ludwig Guttmann ya buɗe masu sashe a asibitin Stoke Mandeville a Ingila. Ya kafa doka, a juya kowane majinyaci bayan awa 2, dare da rana. Mutanen da aka fid da rai da su suka rayu. Yanzu akwai katifu na musamman da ke sa a iya ƙara lokacin kaɗan. Amma mai kwanciya a tabarma, ko gadon kara, ko katifar da ta lotse, awa 2 ita ce iyakarsa.

Ga yadda a ke yi. A kwantar da shi a gefen dama. Bayan awa 2, rigingine. Bayan awa 2, gefen hagu. In za a sa shi a gefe, kada a ɗora shi sosai a kan ƙashin kwankwaso. A karkata shi kaɗan kawai, a tokare bayansa da matashin kai. A sa wani matashi tsakanin gwiwoyinsa. In yana rigingine, a sa matashi ƙarƙashin sha-raɓa, diddige ya tashi sama, kada ya taɓa shimfiɗa ko kaɗan. Ba matashi? A naɗe tsohon zane mai laushi, ko bargo.

Kada a ja shi a kan shimfiɗa. Ja yana yaga naman da ke ƙarƙashin fata. A shimfiɗa zane mai ƙarfi ƙarƙashinsa, mutum biyu su kama, ɗaya nan ɗaya can, su ɗaga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In an jingina shi don ya ci abinci, kada a bar shi yana zamewa ƙasa. Ya gama, ya ɗan huta, a gyara masa kwanciya. In an fito da shi ya sha iska a kujera, abu ne mai kyau, amma kada ya wuce awa 2 zaune, kuma a riƙa ɗaga shi kaɗan-kaɗan. Wanda ke iya motsa ko da hannu ɗaya ne, a ƙarfafa shi ya riƙa taimakon kansa.

Akwai abubuwa biyu da mutane ke yi da kyakkyawar niyya, amma suna ɓarna. Na farko, gammo. A kan naɗa tsumma kamar gammo a sa ƙarƙashin wurin, wai don ya huta. A da har asibitoci suna yin haka. Yanzu an gane gammon yana matse kewayen wurin, ya ƙara tsare jini. Na biyu, murza. In launin wuri ya sake, kada a murza shi, kada a yi masa tausa ko gashi da ruwan zafi. Naman ya riga ya raunana. A ɗauke masa nauyi kawai.

Laima abokiyar gyambo ce. Fitsari, da bayan gida, da zufar bazara, duk suna jiƙa fata ta yi laushi ta yage. Kun san zafin Maraɗi a watan Afrilu. In an shimfiɗa leda don kare katifa, kada fatarsa ta taɓa ledar. A ɗora zanen auduga a kai, ya jiƙe a sake. A wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu kaɗan, a tsane da tsumma mai laushi, ba da gurzawa ba. Da hunturu fata tana bushewa tana tsagewa, a shafa masa man kaɗanya a hankali, amma ban da cikin miki. A karkaɗe shimfiɗa kullum. Ɓarɓashin tuwo, ko tsakuwa, ko ƙullin zane, ko carbi da aka manta ƙarƙashinsa, kowanne yana iya zama farkon rami.

Mu komo batun abinci. Farau-farau kaɗai ba ya gina nama. Mara lafiya yana bukatar wake, da ƙwai, da nono, da kifi ko nama in an samu. Ƙasarmu ƙasar gyaɗa ce, ga ƙuliƙuli, ga kunun gyaɗa. Ga zogale a garake, daga Jiratawa har bakin Gulbi. Fara ma abinci ce mai gina jiki, a daka masa cikin miya. In ba shi da haƙora a dama masa da laushi, a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa. Ruwa kuma kada a rage masa. Wasu tsofaffi su kan ƙi sha don kada su jiƙa shimfiɗa su wahal da mutane. A lallashe su. Mai ciwon sukari ko na ƙoda, a tambayi likita abin da ya dace da shi.

In miki ya riga ya buɗe

Kada ya sake kwanciya a kansa, ko na ɗan lokaci. A tafasa ruwa lita 1, a zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi 2, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo. A bari ya huce. Mai wankewa ya wanke hannunsa da sabulu, ya zuba ruwan a hankali, ya rufe da ƙyalle mai tsabta wanda aka tafasa aka shanya. Ruwan jiya ba a amfani da shi yau. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko kashin dabba, ko baƙin mai, ko garin kafso. In baƙin ɓawo ya rufe wurin, kada a ɓamɓare shi da hannu. Wannan aikin likita ne.

Ko ƙarami ne, a je gidan likita mafi kusa a gaya ma majo, ya nuna yadda za a ɗaure. In ɗaukar mara lafiya da wuya, a ɗauki hoton mikin da salula a kai masa, da izinin mai shi. In kuwa ya yi rami, ko yana wari, ko yana fid da mugunya, ko kewayensa ya kumbura, ko masassara ta kama mutumin, ko hankalinsa ya fara ruɗewa, to, ba jira. A kai shi ranar nan. In ya fi ƙarfinsu za su tura ku babban asibiti a Maraɗi.

Aikin nan da nauyi, musamman na dare. In an bar ma mace ɗaya, kwana 3 za ta gaji, ba laifinta ba ne. A nan karatunku zai yi rana. Ku sami takarda ko allo. Ku ja layi uku daga sama zuwa ƙasa. A layin farko ku rubuta lokaci: ƙarfe 6, ƙarfe 8, ƙarfe 10, ƙarfe 12, haka har gari ya waye. A na biyu ku rubuta dama, baya, hagu. A na uku ku rubuta sunan mai juyawa. Ku rataye a bakin ƙofar ɗakin. Wanda ya yi nasa ya sa alama. Na dare a sa ƙararrawar salula, a yi karɓa-karɓa tsakanin ƴaƴa da jikoki. Wanda ya rubuta nasa ya kawo ma malami a aji ya duba masa.